Kallon rana daga saman benenmu a Jidda: abin da na rubuta daga Afrilu zuwa Disamba 2024

Asabar, 13 ga Afrilu

Yau kwana 3 bayan ƙaramar salla muka soma. Ɗan ƙanwata ne ya jawo aikin. Daren 8 ga wata, ana cikin hidimar ƙarshen azumi, ya miƙo mini wayarsa in ga husufin ranar da ake yi a Meziko da Amurka da Kanada. Wata ya rufe rana ruf, sai ga wani farin gashi ya bazu kewaye da ita, wani wuri a miƙe, wani wuri a lanƙwashe kamar baka. Ya ce, "Kawu, hayaƙi ne wannan?" Da na ƙura ido sai na ga abin da nake gani kullum a teburin shago idan garin ƙarfe ya zube kusa da maganaɗisu. Na haura shekara 20 ina naɗin kwayil na famfo da fanka da na'urar sanyaya ɗaki, wadda a nan ake ce wa mukayyif. Wannan zane ba baƙona ba ne.

Shi ya sa na ƙudura mu riƙa zana fuskar rana kowace safiya, ni da yaran gidan nan 5, mu ga ko za mu gane abin da ke sa ta yi walƙiya ta kuma yi amai. A ƙarshe ina so in haɗa ɗan littafi da Hausa. Yaranmu da Larabci suke karatu, da Larabci suke wasa a layi, Hausarsu ta tsaya a aike da gaisuwa da kiran abinci. Ina so su ji ana maganar sama da harshen kakarsu.

Na samo tsohon madubin hangen nesa a kasuwar gwanjo ta Sawarik. Abu na farko da na yi shi ne na kwance ɗan ƙaramin madubin saiti da ke gefensa na kulle a durowa. Doka ɗaya ce, na kuma sa kowa ya maimaita ta da bakinsa: ba mai sa ido a bakin madubin nan. Daƙiƙa ɗaya ta isa ta ƙone ido har abada. Hoton rana za mu riƙa saukewa a kan farar takarda. Na zana da'ira mai faɗin milimita 109, domin faɗin rana ya ninka na duniya sau 109. Ke nan kowane milimita a takardarmu duniya guda ce.

Talata, 16 ga Afrilu

Ɗan gilashin baya ya narke. Ashe gidansa na roba ne. Na bar madubin yana fuskantar rana na sauka ɗauko fensir, kafin in dawo sai warin ƙuna. Na tara yaran na nuna musu robar da ta kumbure, na ce su kwatanta da ƙwayar ido. Ba wanda ya yi magana. Na sami wani mai gidan ƙarfe, na kuma yanka kwali na rage bakin madubin.

Juma'a, 26 ga Afrilu

Zane 9 muke da su yanzu. Lokaci mafi kyau shi ne da hantsi, bayan rana ta fita daga cikin hazon gari amma kafin siminti ya ɗauki zafi iska ta fara rawa. 'Yar wana, wadda ta fi kowa tsayuwar hannu, ita ke riƙe fensir. Ita ce kuma ta fara lura cewa baƙin tabon fuskar rana da ta ɗiga ranar Lahadi ya matsa gaba ranar Laraba. Ta ce, "Baffa, ko dai takardar ce ta goce?" Muka jera takardun a ƙasa muka danne da kofunan shayi, sai ga tabban duka suna tafiya gefe ɗaya kamar ayari. Rana ce ke juyawa. Tabo yakan yi kusan mako 2 daga fitowarsa a gefen gabas zuwa faɗawarsa a gefen yamma.

A nan ne tushen maganar yake. Rana ba dunƙulen dutse ba ce, iska ce mai tsananin zafi wadda lantarki ke bi ta cikinta, masana suna ce mata falasma. Don haka ba ta juyawa gaba ɗaya. Ƙugunta yana kammala zagaye cikin kwana 25, can wajen ƙoƙon kai da ƙasa kuwa sai an yi kusan kwana 35. Zaren maganaɗisun da ke cikinta a manne yake da falasmar, inda ta je dole ya bi. Ƙugu yana gaba, sama da ƙasa suna baya, shekara da shekaru, sai zaren ya yi ta naɗuwa kamar yadda nake naɗa wayar jan ƙarfe a jikin kwayil. Idan naɗi ya yi yawa, wani ɗauri sai ya taso ya huda fuskar rana ya yi baka a sama. Inda bakan ya fita da inda ya koma, nan ne tabo.

Tabon ba baƙi ba ne don kansa. Fuskar rana tana wajen digiri 5,500, tsakiyar tabo kuma ta gaza haka da kusan digiri 2,000, saboda ƙarfin maganaɗisu ya hana zafi tasowa daga ƙasa. Kusa da mai haske ne ya sa ya yi duhu. Wani Ba'amurke, Joj Hel, shi ya fara tabbatar da maganaɗisun tabo a 1908, a dutsen Wilson na Kalifoniya. Ƙarfinsa ya ninka na duniyarmu sau dubbai.

Na fara buɗe hotunan kumbon SDO na hukumar NASA, wanda aka harba a 2010. Akwai hotonsa guda da ba haske yake nunawa ba, maganaɗisu yake nunawa: fari inda zare ke fitowa, baƙi inda yake shiga. Duk tabon da muka zana, in muka duba can sai mu same shi da abokin tafiyarsa, fari da baƙi. Ɗan ƙanwata ya ce kamar fositif da negetif na batir. Na ce ya riƙe wannan, zai yi masa amfani.

Laraba, 8 ga Mayu

Abin da muka gani yau ban taɓa zaton madubin gwanjo zai nuna mana ba. A kudancin rana, kusa da tsakiya, akwai wani gungun tabbai da hukumar NOAA ta Amurka ta ba lamba 3664. Ranar Asabar ba wani abin a zo a gani ba ne. Yau ya cika ya batse, sababbin tabbai sun ɓullo a gefensa sun haɗe da shi. 'Yar wana ta fi minti 20 a tsugune tana zane, gumi na ɗiga daga haɓarta, ina riƙe mata lema.

Abin da ya fi girmansa ɗaukar hankalina shi ne hoton maganaɗisun. Tabo mai lafiya, farinsa na gefe guda, baƙinsa na gefe guda, da fili tsakaninsu. Wannan kuwa fari da baƙi sun cakuɗe, ƙwayoyi masu kishiyar juna suna zaune a cikin inuwa ɗaya, kafaɗa da kafaɗa. Masana suna kiran irin wannan zama delta, kuma daga irinsa manyan walƙiyoyi suka fi fitowa. Duk mai aikin lantarki ya san abin da ke biyowa idan wayoyi biyu tsirara suka matsi juna.

Alhamis, 9 ga Mayu

Na auna da rula: ya kai milimita 15. Duniya 15 a jere. Na aro gilashin walda mai lamba 14 wajen maƙwabcin shagona, domin na yau da kullum bai isa kare ido ba, muka duba ba tare da madubi ba, ga shi nan kamar ƙwayar riɗi a kan faifai.

Alhaji na benen ƙasa ya hau da sandarsa, da ƙyar, ya ce a nuna masa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam, wannan ba alamar wani abu ba ce?" Na ce, "Alhaji, Allah ya ja kwana, aya ce daga ayoyin Ubangiji, amma ba ta mutuwar kowa ba ce." Shi da kansa ya ƙarasa mini da abin da ya faru a Madina ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu aka yi husufi, da yadda aka hana mutane danganta abin da mutuwar. Ya sauka hankalinsa a kwance.

Gungun yana ta walƙiya tun jiya, ya kuma turo amai a jere, aƙalla 5, sun nufo mu. NOAA ta fitar da gargaɗin guguwar maganaɗisu mai mataki na 4 cikin 5, irin wanda rabon ta da fitarwa tun 2005.

Dole in tsayar da kalmomi don littafin, domin na ji yaran suna haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Walƙiya haske ce. Tana isowa cikin minti 8 da ɗan ɗoriya, ba a ganin tahowarta, kuma abin da take ɓatawa shi ne rediyon gajeren zango a gefen duniyar da rana ke haskawa, irin wanda jiragen sama da na ruwa ke amfani da shi. Ana auna ta da haruffa, C da M da X, M ya ninka C sau 10, X ya ninka M sau 10. Aman rana kuwa kaya ne: falasma mai nauyin tan biliyoyi, ɗauke da nata maganaɗisun, tana gudun ɗaruruwan kilomita har zuwa wajen 3,000 a daƙiƙa. Ita yawanci sai ta yi kwana 1 zuwa 4 a hanya. Farin gashin nan da muka gani a husufi na sa masa suna rawanin rana, daga cikinsa aman ke ɓallewa.

Asabar, 11 ga Mayu

Ta iso jiya Juma'a wajen ƙarfe 8 na dare agogonmu. Kafin gari ya waye ta kai mataki na 5, na ƙololuwa, karo na farko tun Oktoban 2003. Wayar kowa ta cika da hotunan jan sama daga Ingila da Meziko da Ladak ta Indiya. A Amurka manoma da dama sun dakatar da shuka saboda na'urar GPS ta taraktocinsu ta rikice. Mu mun hau sama mun duba arewa, hasken Jidda ne kawai da danshi.

Akwai abin da ya ba ni takaici. Tun farkon mako na haɗa kwalbar gwaji: ɗan maganaɗisu rataye da zare a cikin gorar ruwa, da ɓallin madubi manne a jikinsa, ina haska shi da jan tocilan leza, ɗigon ya faɗa a bango. Na zauna gabansa har ƙarfe 2 na dare, a guguwar da ba a yi irinta ba cikin shekara 20, ɗigon bai yi wani motsin kirki ba. Da safe na zauna na yi tunani har na gano dalili. Kwalbar tawa juyawar alƙibla take gani. Mu da ke kusa da ƙugun duniya, guguwa ba ta cika karkata mana allura ba, rage ƙarfin jan take yi, kuma ko a daren jiya ragin bai wuce kusan kashi 1 cikin 100 ba. Sai an sake dabara.

Laraba, 15 ga Mayu

Jiya, yana gab da faɗawa gefen yamma, 3664 ya yi walƙiya mai X8.7, wadda ta fi duk na wannan zagayen yawaita da raguwar tabban rana na kusan shekara 11 zuwa yanzu. Yaran suka ce a shirya wa guguwar da ta fi ta Juma'a. Ba abin da zai zo, bakin bindigar ya riga ya kauce mana.

Na ba su labarin Richad Karinton, wanda ranar 1 ga Satumba 1859 yana zana tabbai a Ingila, ta hanyar sauke hoto irin tamu, ya ga farin haske ya tashi a tsakiyarsu na kusan minti 5. Ba a yi awa 18 ba guguwa ta iso ta hargitsa wayoyin tangaraho. 'Yar wana ta tambaya ko shi ma da fensir yake yi. Na ce da fensir.

Litinin, 27 ga Mayu

Yau da ƙarfe 12 da minti 18 rana ta tsaya daidai kan Ka'aba, kamar yadda take yi sau 2 a shekara. Mun kafa sanda, inuwarta ta kusa ɓacewa ƙarƙashinta, domin tsakaninmu da Makka bai kai kilomita 100 ba. Na tura wa 'yan uwa a Kano da Damagaram saƙo su duba inuwa a daidai lokacin su gyara alƙiblarsu. Da hantsin yau ɗin kuma tsohon gungunmu ya leƙo ta gefen gabas bayan ya zagaya bayan rana, ya yi sallama da walƙiya mai ajin X. An sake masa lamba, 3697.

Asabar, 22 ga Yuni

Mun yi kusan mako 3 ba zane. Hidimar alhazai ta ɗauke kowa, zafin bana kuma ya wuce misali, a Makka ma'auni ya haura digiri 51, mutane da yawa sun rasu a wajen aikin hajji. Allah ya jiƙansu ya karɓi ibadarsu. Ban yarda yaro ya hau saman bene ba. Wani abokin ciniki ya ce mini ai tabban ranar ne suka kawo zafin. Na gaya masa gaskiya: bambancin hasken rana tsakanin shekarar yawan tabo da ta ƙarancinsa bai wuce kashi 1 cikin 1,000 ba. Zafin Mina daga wani wuri yake.

Zaman ɗaki ya sa na yi karatu, karatun kuma ya rushe babin da na riga na rubuta. Na rubuta cewa gwargwadon girman tabo, gwargwadon guguwa. Ba haka ba ne. A Oktoban 2014 an yi gungu mai lamba 2192, wanda ya fi kowane girma tun 1990. Ya yi walƙiya 6 masu ajin X, amma ko ɗaya daga cikinsu ba ta fito da amai ba. Wuta ta tashi, kaya bai fita ba. Na kwana 2 ina juya wannan a raina.

Amsar tana sama da tabon, a inda madubinmu ba ya gani. Tabo ƙafa ce kawai. A kan iyakar da ke tsakanin fari da baƙi, zaren maganaɗisu yakan murɗe ya zama igiya kwance, wani lokaci tana riƙe da falasma mai ɗan sanyi, a gan ta a hoto kamar baƙin maciji, tsawonta ya kai dubban ɗaruruwan kilomita. A samanta kuma akwai wasu bakuna manya da suka tsallaka daga fari zuwa baƙi suka danne ta, kamar ragar da ake ɗaure kaya da ita a bayan mota. Igiya na son tashi, raga na hana ta. A 2192 ragar ce ta fi ƙarfi, ƙarfinta kuma bai ragu da sauri ba ko da an yi sama. Inda ragar ta yi saurin saki, igiya na ɗagawa kaɗan sai ta sami hanya, ta ja zaren da ke ƙarƙashinta, masu kishiyar juna su matsu, su tsinke su sake ƙulluwa ta wata hanya. Wannan tsinkewa da ƙulluwa ita ke sakin ƙarfin da aka daɗe ana tarawa: zafi ya haura digiri miliyan 10, walƙiya ke nan, igiya kuma ta tsere da kayanta, amai ke nan. Kowane zaren da ya tsinke ya ƙara sassauta ragar, shi ya sa abin in ya fara ba ya tsayawa.

Na ɗauki katako na buga ƙusoshi layi 2, na shafa wa ɗaya farin fenti ɗaya baƙi. Na shimfiɗa robar tayar keke a tsakani, na tsallaka robobin ɗaure kuɗi a kanta. Ina cikin murɗa robar ina neman kalmar da zan yi bayani da ita, Inna tana zaune a tabarma tana jan carbi tana kallona. Ta ce, "Kai, ai wannan kaɗi ne. Zare in ya sha mazari ya wuce kima, da ka sassauta hannu sai ya miƙe ya naɗe kansa." Ta karɓa ta murɗa da yatsunta biyu, a hankali, kamar yadda ta yi tun tana yarinya kafin su taso zuwa nan. Robar ta yi doro ta ɗago, robobin sama suka riƙe ta. Inna ta ce wa ɗan ƙanwata, "Cire biyu na tsakiya." Yana cirewa ta yi tsalle ta buge shi a hannu. Da muka ninka robobin sama muka sake, duk murɗin da aka yi sai ta yi ta karkarwa a wurinta. Ga 3664, ga 2192, a kan katako ɗaya. Na rubuta maganar Inna yadda ta faɗe ta, da ita babin zai buɗe.

Juma'a, 2 ga Agusta

Mun koma zane tun tsakiyar Yuli, da sassafe. Fuskar rana ta cika da tabbai har 'yar wana tana ƙorafin fensir na ƙarewa. Da muka jera takardu sama da 60, yaran sun ga cewa tabban ba ko'ina suke fitowa ba, layi 2 suke bi, ɗaya arewa da ƙugu ɗaya kudu. A hoton maganaɗisu kuma, launin da ke jan gaba a arewa shi ke bin baya a kudu. Hel da abokan aikinsa sun bayyana wannan tun 1919, har da cewa tsarin yana juyewa duk zagaye. Zagayen kusan shekara 11 ne, wanda muke ciki shi ne na 25, ya fara a Disamban 2019. A tsakiyar kowane zagaye arewa da kudun maganaɗisun rana kan yi musaya, sai bayan shekara 22 a dawo gidan jiya. Wannan ya nuna mini tabban ba 'yan gaban kansu ba ne, naɗi ɗaya ne babba ke leƙowa ta wurare da yawa.

Jiya shekara 14 cif da wani abu da na so yaran su sani. Ranar 1 ga Agusta 2010 kusan rabin rana ya motsa: ƙaramar walƙiya a nan, igiya ta ɓalle a can, wata ta biyo baya a wuri mai nisa. Masana biyu, Karel Shiraiba da Alan Taitil, suka haɗa hotunan SDO da na kumbunan STEREO, suka nuna cewa abubuwan da suka faru cikin awa 28 a haɗe suke da dogayen zaren rawani. Ragar wannan unguwa ashe tana ɗaure da turken waccan. Na ƙara katako na biyu na haɗa su da doguwar roba guda, in aka saki na dama sai na hagu ya sassauta. Sau 3 cikin gwaji 5 ya yi yadda nake so, zan sake jeren ƙusoshin.

Kwalba ma na gyara ta. Na kafe maganaɗisun tsohuwar sifika a gefen gabas, nesa kaɗan, yadda ɗan ratayen zai tsaya a karkace, duniya na ja ta nan sifika na ja ta can. In ƙarfin duniya ya ragu, dole ya karkata wajen sifikar. Na mai da ita ɗakin ajiya na ƙarƙashin matakala, nesa da mukayyif da firji, na manna rula a bango mita 3 daga madubin.

Juma'a, 4 ga Oktoba

Jiya da la'asar gungu mai lamba 3842 ya yi X9.0, ya zarce na Mayu. Ranar Talata ma ya yi X7.1. Na hana kaina cewa komai, na ce kowane yaro ya rubuta hasashensa ya sa hannu.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Manyan walƙiyoyin nan biyu, abin da suka kawo ya makara kuma bai kai na Mayu ba. Sai ga wani gungu dabam, 3848, yana zaune kusa da tsakiyar rana, ranar Laraba kafin asuba ya yi X1.8, wadda ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu na waccan X9.0 ba. Amma ta daɗe tana ci, awanni, kuma a hoton kumbon SOHO aman ya fito zobe kewaye da rana, alamar ya miƙo mana kai tsaye. Jiya wajen magariba ya iso, guguwar ta kai mataki na 4. Ɗan ƙanwata ne kaɗai ya canza hasashensa tun Laraba. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Kawu, ba ƙarar ba ce, ragar ce ta yage, kuma yana kallonmu."

Saura abu guda da na ƙara a babi na 4. Ko amai ya same mu, ɓarnarsa ta dogara da inda maganaɗisunsa ya fuskanta. Na duniya, a gefen da ke kallon rana, arewa ya nufa. In na aman ya nufi kudu sai su ƙullu, ƙofa ta buɗe. In arewa ya nufa, yawancinsa sai ya goge ya wuce. Kumbunan da ke tsaye kilomita miliyan 1.5 daga nan su ke auna wannan, gargaɗinsu kuma bai cika kai awa guda ba. Murɗin da igiya ta ɗauko tun daga rana, shi take isowa da shi. A Maris 1989 irin wannan guguwa ta kashe wutar lardin Kwibek na Kanada awa 9, ta hanyar tura lantarki cikin dogayen layukan wuta. Wannan ɓangare ni ya fi shafa, na san warin taransifoma in ya ƙone.

Kwalba ta yi aiki. Na sa alama bayan isha'i, muka riƙa saukowa bi da bi da tocila, ba mai shiga da makulli ko waya a aljihu. Kafin asuba jan ɗigon ya matsa wajen yatsa 2 zuwa ɓangaren sifika. Yau da yamma ya fara komawa a hankali. Na tashi Inna ta gani, ta sa tabarau ta duƙa ta ce, "Ikon Allah."

Juma'a, 27 ga Disamba

Tun 15 ga Oktoba NASA da NOAA suka sanar cewa rana ta shiga ganiyar wannan zagaye. Ranar Talata kumbon Parker ya ratsa cikin rawanin, kilomita miliyan 6.1 daga fuskar rana, ba abin da ɗan Adam ya ƙera da ya taɓa matsawa haka. Yau da safe labari ya zo cewa ya turo alamar yana lafiya.

Takardunmu sun kai 141, na sa su a fayil bisa kwanan wata. Babi 4 sun kammala, na 5 kan ramukan rawani, inda zaren ke buɗe iska mai sauri na kwarara, rabinsa na rubuta. Na ba Alhaji na ƙasa ya duba mini Hausar, ya dawo da ita da jan biro a shafi 11, yawanci inda Larabci ya shigar mini ban sani ba. Katako na biyu har yanzu yana gardama. 'Yar wana tana son mu nemi matacin haske da zai nuna mana igiyoyin da idonmu, na tambayi kuɗinsa, sai bayan azumi in Allah ya hore. Gobe Asabar yaran gidaje 3 na layinmu za su zo, ita za ta nuna musu yadda ake saita takarda.